Raken Baba a Hanyar Badun

Tun da na koma aiki ba a bar ni na sha ruwa ba a ɗakin malamai. Wannan ya ce, "Madam Rakiya, yaya Badun?" Waccan ta ce, "Wai da gaske tuwonsu baƙi ne?" Ni kuwa kullum sai in ce sai na huta, domin tafiyar ba irin wadda ake ba da labarinta a tsaye ba ce, ana jiran a kaɗa ƙararrawa a koma aji. Yanzu dai na zauna. Zan faɗa sau ɗaya, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Ga wanda bai san ni ba, Turancin Ingilishi nake koyarwa a kwaleji a nan Matameye. Wata jami'a ce a Badun, can ƙasar Yarabawa, ta kira taron malamai, aka gayyace ni in je in nuna yadda nake koyar da wani abu da ke ba yara wuya.

Abin da aka taru a kansa kuwa, in na faɗa wa mutum sai ya ce mun rasa aikin yi. Bature yana da yadda yake lanƙwasa magana in abu ya riga ya wuce. To, sau da yawa sai ka ji ya yi wannan lanƙwasar alhali ba abin da ya wuce. Zai roƙe ka abu yanzu-yanzu, amma ya yi magana kamar jiya ya so shi. Yana begen abin da babu, sai ya faɗe shi kamar an yi an gama. Nan yarana suke faɗuwa kullum, su ce, "Madam, ai ke kika ce wannan na jiya ne." Masu binciken yadda harshe ke bin tunanin mutum sun ce ba maganar jiya ba ce, maganar nisa ce. Mutum yana ganin lokaci kamar hanya, abin da ya wuce an baro shi can baya. Sai ya ari wannan nisan ya sa tsakaninsa da wanda yake jin nauyi, ko tsakaninsa da abin da yake fata bai samu ba. Da na karanta haka sai na daina cika allo da rubutu. Na riƙa fitar da yara filin lakwal, wato makaranta, in ja layi a ƙasa, in ce mai roƙo ya ja da baya, mai fata ma ya ja da baya. Suka yi ta dariya, amma suka gane.

Gayyatar ta zo daidai lokacin da jikin Baba ya tsananta. Mahaifina manomin rake ne, garkarsa tana kan hanyar Ɗan Barto. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya riƙa yi masa nauyi. An kai shi likita a Damagaram, aka dawo da shi da magani cikin leda, ƙanena Sani da ya raka shi ya ƙi haɗa ido da ni. Nan take na ce na fasa tafiya. Ban gaya wa Baba ba, amma gidanmu magana ba ta kwana, washegari ya aiko a kira ni.

Na same shi a jingine da bango, an tara masa matasai a baya.

"Rakiya, an ce kin ce ba za ki ba."

"Baba, wani taron zai zo."

"Ke likita ce da za ki zauna ki tsare ni?" Ya numfasa. "Me za ki faɗa musu can?"

Na yi masa bayani yadda na yi muku yanzu. Ya rufe ido har na zaci barci ya ɗauke shi, sai na ji ya ce, "Ashe suna da kunya. Wato ba sa faɗa wa mutum cikin ɗaki, sai su tsaya daga zaure su yi sallama." Na ce haka ne, Baba. Ya ce, "To ki je. Ni na kai ki lakwal ana yi mini dariya a garin nan, ba don ki zauna kina kallon ƙafata ba." Ya ɗaga murya ya kira Sani, ya ce ya je garka ya saro mini rake daga wanda ke gefen rijiya, a ɗaure mini guzuri.

Na fito ban san ko zan dawo in tarar da shi ba. Wannan tunanin ne ya hau mota tare da ni, bai kuma sauka ba ko a tasha ɗaya.

Maigidana ya yarda da tafiyar ne don Hajiya Saude za ta. Saude 'yar ƙanwar Baba ce, taubashiyata ke nan. Uwarta ta rasu tana ƙarama, Baba ya ɗauko ta ya riƙe, muka tashi a ɗaki ɗaya. Ita ba ta yi lakwal ba, kasuwanci ta kama, ta san hanyar Badun kamar hanyar ɗakin girkinta, tana saro atamfa da kwanuka. Kun san wasan taubasai. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kira ni da sunana ba, sai "baiwata". Ni in ce ita ce baiwar, tunda 'yar mace ce, ita ta ce ai wanda ya fi ƙarfi shi ne ubangida. Kuma tun muna yara, in aka ba mu rake, sai ta karya shi a gwiwa ta riƙe gindin, inda zaƙin yake, ta miƙo mini kan, mai lami. Na sha kai ƙararta wajen Baba, ya yi dariya ya ce shi ba ya shiga tsakanin taubasai.

Da safe muka shiga mota a tasha. Saude ta kama gefen taga, ta ɗora mini jakarta a cinya, ta ce aikin baiwa ke nan. Muka wuce garkokin rake, na ga tamu daga nesa, na kau da kai. Ɗan Barto ba nisa, daga nan sai iyaka a Kwangwalam.

A iyakar ne na fara shan kunya. Tun a mota nake shirya Turancin da zan yi wa ma'aikacin da ke duba takardu, tunda yau zan taka ƙasar masu Ingilishi. Na gyara mayafi, na miƙa katina, na zubo masa gaisuwa mai tsawo irin ta cikin littafi. Mutumin ya dube ni ya ce, "Malama, ina kwana? Ya mutanen Matameye? An fara sarar rake?" Ashe mutumin Daura ne, har ƙanwarsa tana aure a Kance. Saude ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Adana Turancin, kada ya ƙare tun ba mu je ba." Daga nan har Kazaure ba ta sake ni ba.

Muna wuce Daura wayata ta mutu murus, layinmu ba ya aiki a can. Saude ce mai layin Najeriya. Saboda haka duk labarin gida sai ta hannunta zai zo mini, ban kuma ɗauki wannan a bakin komai ba a lokacin.

A Kano muka sauka gidan wata ƙawarta 'yar kasuwa. Kanawa ba sa ganin Badamagare su ƙyale, tun daga ƙofa aka fara ce mana ga masu cin gero sun zo a ɓoye shinkafa. Bayan la'asar Saude ta kira Sani, ya kai wa Baba waya. Muryarsa ƙasa-ƙasa, amma shi ne. Ya ce, "Kun sauka? Ki gaishe mini da bayina Kanawa. Kin sha raken?" Na ce sai mun yi nisa. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, na ce amin.

Daga Kano babbar mota ce, kuma tafiyar ba ta wasa ba ce. Zariya, Kaduna, sannan daji wanda ba ya ƙarewa. Wani mutum ya miƙe a tsakiyar mota yana tallar magani da wani irin Turanci da aka dama da yarensu, wai ƙwaya ɗaya tana maganin basir da ciwon baya da rashin aure. Rabin maganarsa na kama. Saude ta ce, "Yaya, Malama, fassara mana mana." Na ce wannan ba shi na karanta ba. Ta ce ita dama ta san Kawu asarar alli ya yi. Kusa da mu akwai wata tsohuwa Bayarabiya da kaza a cikin kwando, duk ramin da muka faɗa sai ita da kazar su yi ƙara tare. Saude ta ciro rake ɗaya ta karya, ta ba tsohuwar tsakiya, ta riƙe gindin, ta ba ni abin da ta saba ba ni.

Wajen Mokwa taya ta fashe, kafin a gyara rana ta yi ƙasa, direba ya ce shi ba ya tafiyar duhu a wannan hanyar. Wata Banufiya mai sayar da abinci ta shimfiɗa mana tabarma a rumfarta, ta ba mu doya da miyar kifi, ta ƙi yarda mu yi alwala da ruwan sanyi sai da ta ɗumama. Ba ta jin Hausa sosai, mu ba ma jin nata, amma mun yi hira har da labarin 'ya'ya. Da gari ya waye muka hau gadar Jabba. Ni 'yar ƙasar rijiya ce, ban taɓa ganin ruwa mai yawan wannan ba. Ban san lokacin da na damƙe zanen Saude ba. Ta ce in sake ta, in mota ta faɗa ita ba za ta mutu da baiwa a maƙale da ita ba.

Badun gari ne da ba ka ganin ƙarshensa, rufin kwano duk ya yi ja don tsatsa, sama kuma kullum kamar za ta zubo. Mun sauka a Sabo, unguwar Hausawa, gidan wata Hajiya Baraka wadda kakanta mutumin Damagaram ne. Ita ba ta taɓa zuwa ba, Hausarta har ta ɗan karkace, amma da ta ji daga inda muke sai ta rungume ni kamar 'yarta ce ta dawo.

Masu tambayar tuwo, e, baƙi ne. Amala suke ce masa, da garin busasshiyar doya ake yi. Da aka ajiye mini na zaci ƙonewa ya yi, na rasa yadda zan gaya wa matar gida. Miyar kuwa mai yauƙi ce kamar tamu ta lalo, sai dai barkonon da ke samanta ya sa na yi hawaye da majina a gaban mutane. Daga baya na saba, har na nemi ƙari. Gaisuwarsu ta burge ni ƙwarai. Na ga saurayi da kwat da takalmi mai sheƙi ya kwanta rub da ciki a gaban wani tsoho, a bakin titi, ƙasa jiƙe. Mu da muke taƙama da durƙuso, sun fi mu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hotunan matattu. Kowane bango ka duba an liƙa hoton tsoho ko tsohuwa cikin ado, an rubuta ranar da za a yi bikin binnewa. Ran da muka je kasuwa muka tarar an tare titi ɗaya, an kafa rumfuna, mata sun yi anko, ana kiɗa ana rawa ana rabon shinkafa. Na tambayi Hajiya Baraka auren wa ake yi, ta ce ba aure ba ne, tsohuwa ce ta rasu tun watan jiya. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata wannan wace irin rashin ta ido ce. Da muka koma masauki na sa Saude ta kira gida. Sani ya ce da sauƙi, Baba yana barci. Ni kuwa na san "da sauƙi" ɗinmu, ko mutum yana shure-shure haka muke cewa.

A wajen taron na yi ƙawa, Dakta Bisi, mace mai fara'a da ta ja ni kusa da ita tun ranar farko don ta ga ina rarraba ido. Wani dattijon farfesa ne ya buɗe taron. Ya tsaya a gaban teburi ya yi magana, ya ja da baya ya sake yin ta, ya ce harshe ba ya rabuwa da jiki, yadda ƙafa ke ja da baya haka magana ke ja. Na ji daɗi, domin abin da nake yi da yarana ke nan a filin lakwal. Da aka tashi cin abinci na kasa haƙuri, na tambayi Dakta Bisi zancen bikin nan. Ta ce Musulminsu ba sa jira, kamar mu suke. Amma su a gidansu, da mahaifiyarta ta rasu, sai da aka ajiye ta a ɗakin sanyi har wanta ya iso daga ƙasar waje.

"In ba haka ba yaya zai yi?" ta ce. "Ya dawo ya tarar da tudun ƙasa?"

Na ce mu in mutum ya cika da safe, kafin azahar an kai shi makwancinsa, ba a jiran kowa, ko ɗan fari ne. Ta riƙe baki. Ta ce, "To na kan hanya fa?" Na ce na kan hanya ba a ma gaya masa sai ya sauka. Ta girgiza kai ta ce namu ya fi nasu ban tsoro. Na ce Allah dai ya sa mu cika da imani, muka ci gaba da cin abinci.

Saude tun a Matameye take cewa ita ba abin da zai kai ta wajen surutun 'yan boko. Ranar da zan yi nawa bayanin ta fita kasuwa da sassafe. Ina cikin ɗaura ɗankwali sai ga ta ta dawo hannu wofi. Ta ce za ta bi ni, ta ga yadda baiwarta za ta ba ta kunya. Na ce ta ba ni waya in ji muryar Baba kafin in shiga. Ta ce ba caji. Na yi tsaki na ce 'yar kasuwa guda ba ta iya sa waya a wuta ba, ba ta rama ba, ni kuma hankalina yana kan abin da zan faɗa.

Ɗakin ya cika. Na miƙe na fara. Na ja layi da alli a kan siminti, na kira farfesoshi biyu na sa su ja da baya kamar yarana, aka yi ta dariya. A ƙarshe na ce musu wani ya taƙaita mini duk wannan a magana ɗaya, ya ce ashe Bature yana da kunya, ba ya faɗa wa mutum cikin ɗaki, sai ya tsaya daga zaure ya yi sallama. Na yi musu bayanin zaure. Dattijon farfesan nan ya tambayi wane malami ne ya faɗa. Na ce babana ne, manomin rake. Aka tafa. Ya ce in na koma in gaishe masa da shi, na ce zai ji. Na hango Saude can kujerar baya, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ita ma tana tafawa alhali ko kalma ɗaya ba ta ji ba.

Da yamma ta ce gobe za mu koma. Na ce ai ba ta gama sari ba. Ta ce kasuwar ba kyau, kuma damina na iya ɓata hanya. Na sake neman waya, ta ce ta yi magana da Sani ɗazu ina wanka, suna gaishe ni. Da asuba muka yi sallama da Hajiya Baraka, ta riƙe hannuna ta daɗe tana yi mini addu'a. Muka fito, Saude ta sunkuya ta ɗauki jakata ta haɗa da tata. A mota ta ce in shiga gefen taga, iska za ta fi yi mini.

Ta yi ƙoƙari, wallahi ta yi. Ta tsokane ni a kan barkono, ta tsokane ni a kan ma'aikacin Kwangwalam, amma wasan ba gishiri, tana yi tana kallon bayan kujerar gaba. Na ce wa kaina gajiya ce. Da muka hau gadar Jabba ita ce ta kama hannuna.

Bayan gadar aka tsaya salla. Muka zauna a inuwar wata bishiya, ta buɗe jaka ta ciro raken da ya rage, guda ɗaya, ya ɗan bushe daga baki-baki. Ta karya shi a gwiwa. Ta feƙe gindin tas da wuƙa, ta miƙo mini, ta ce, "Ungo, Rakiya."

Nan na sani.

Ba sai an gaya mini ba, ni ma 'yar garin ce. Na san matafiyi ba a faɗa masa mutuwa, kada zuciyarsa ta karye a cikin baƙi, ba mai riƙe shi. Da bakina na taɓa gaya wa ɗan maƙwabciyarmu a waya cewa jikin innarsa ya ɗan yi zafi ya taho, alhali an dawo daga maƙabarta. A lokacin na ga daidai ne. Ranar nan kuwa haushi ne ya fara turnuƙe ni. Na ji kamar in shaƙe ta in ce ta faɗa mini yaushe, da safe ne ko da rana, ya kira sunana ko bai kira ba. Na tuna Dakta Bisi da ɗakin sanyinsu, abin da na raina ran nan, na ji a raina da ma a ce mu ma muna jira. Na yi istigfari.

Na buɗe baki zan tambaya, sai na dubi fuskarta. Leɓenta na ƙasa yana rawa, ta danne shi da haƙori. In na tambaya, ko dai ta yi mini ƙarya ido da ido, ko ta saki abin da aka ba ta amana a nan bakin titi, gaban masu tallar gyaɗa. Na karɓi raken na ce na gode. Na sha shi duka, yana da zaƙi.

Daga nan har Kano ba wadda ta ambaci Baba. Ta san na sani, na san ta san na sani. Muka yi ta maganar tsadar atamfa, da ramukan hanya, da ko an yi ruwa a gida. In ta juya wajen mutane sai in yi masa addu'a a zuciyata, in na juya wajen taga sai in ji tana jan hanci a hankali. A Kano ƙawarta ta tarbe mu ba tsokana ko ɗaya, ta kawo mana fura, ta ce mu kwanta mu huta. A Kwangwalam mutumin Dauran nan ne dai a bakin aiki, ya gane ni, ya ce, "Malama, an dawo lafiya? Ya Turanci?" Na ce lafiya lau.

Da muka wuce Ɗan Barto na dubi garkarmu, wannan karon ban kau da kai ba. Ba kowa a ciki. A tasha maigidana yana tsaye yana jira, abin da bai taɓa yi ba. Ya karɓi kaya ya ce mu fara biyawa ta gidan Baba.

Tun daga kwanar layinmu na hango tabarmi a ƙofar gida, da maza zaune, da butoci a jere. Na yi salati, ƙafafuna kuma suka ɗauke ni, domin ni na riga na yi kukana a ciki tun daga Jabba. Muka ratsa zaure. Muna sa ƙafa a tsakar gida Saude ta saki jakar hannunta, ta ce, "Kawu," sau ɗaya, ta zube a ƙasa. Kukan da ta yi ban taɓa jin irinsa a bakinta ba. Sai a lokacin na tuna cewa ba ni kaɗai aka yi wa mutuwa ba. Shi ya riƙe ta tun ba ta iya ɗaura zane ba, shi ya aurar da ita, ba ta san wani uba ba sai shi. Ta ɗauko wannan tun daga Badun ita kaɗai, tana neman abin da za ta tsokane ni da shi. Na durƙusa na rungume ta, matan da suka taso don su riƙe ni suka tsaya suna kallonmu.

Daga baya Sani ya gaya mini. Da safen ranar da zan yi bayani Baba ya cika, bayan ya yi salla a zaune. Tun ran da muka tashi Baba ya ja masa kunne, ya ce in ta Allah ta kasance a gaya wa Saude, ita za ta iya, amma Rakiya kada a taɓa ta sai ta gama abin da ya kai ta, ta sauka gida. Na je maƙabarta ban shiga ba, na tsaya daga waje Sani ya nuna mini wajen. Na yi masa addu'a, na kuma isar da gaisuwar farfesan, tunda na ce zai ji.

Saude ta daɗe ba ta dawo daidai ba. Tana zuwa gidana kullum, ta zauna, ta ce "Rakiya, sannu," in ce "Hajiya, sannu," kamar baƙi. Wannan ya dame ni fiye da yadda zan iya faɗa, na ga kamar mutum biyu na rasa a tafiya ɗaya.

Bayan an yi arba'in Sani ya sari raken gefen rijiya ya aiko mana. Ranar tana gidana. Na ɗauko ɗaya na ajiye a gabanta. Ta dube shi ta daɗe. Sannan ta ɗauka ta karya a gwiwa, ta riƙe gindin, ta jefo mini kan a cinya.

"Ungo, baiwa. In kin gama ki share mini ɓawon."

Na ɗauka na sa a baki, lami ne kamar kullum. Ina sha hawaye na zuba, ita ma haka, ba kuma wadda ta ce wa 'yar'uwarta ta yi shiru.